Ɗigon da Ya Tsaya a Bakin Kogi

Ranar Litinin

Auta,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya aiki, yaya hanya, yaya marasa lafiyarku? Ina fata ƙafar nan da kika ce tana kumbura in kin daɗe a mota ta saki. Ni lafiya lau, alhamdu lillahi. Ciwon kan ya tafi tun da na koma cin abinci a kan lokaci. Masu zuwa gaisuwa sun ragu, gida ya yi shiru. Dogo, direban da ke kai muku magani, ya ce jibi zai tashi, shi ya sa na zauna rubutu, tunda inda kuke waya ba ta shiga. Ki yi haƙuri da hannuna, kin san iyakar karatuna.

Wata biyu ke nan da rasuwar yayanki, amma sai makon jiya na iya buɗe ɗakin rediyonsa, inda yake zama yana magana da masu rediyo irinsa na nesa. Komai na nan yadda ya bari. Tabaransa na kan littafin da yake rubuta waɗanda ya yi magana da su, biro a tsakiya. Kofinsa na gefe, shayin ya bushe ya bar zobe a gindi. Ƙarfen da yake narka dalma da shi na rataye a ƙusa. Na share ƙasa, na goge tebur, kujerar ce kawai ban matsar ba.

Ina cikin goge taga sai rediyon ya yi kukan nan nasa, ƙirrr, kamar gyare. Tsumman ya faɗi daga hannuna. Ashe duk kwanakin nan da ƙofa ke rufe bai fasa ba. Solar da ya ɗora a rufi tana ta cika batir, rediyon kuma duk rabin awa yana aika lambar kiransa da 'yar sallamar da ya rubuta masa, sai akwatin nan na kan dutse da kuke ce wa Aku ya maimaita, in ji. Na duba kwamfuta, ga rubutun nan ya fito: "Ina gida. A biyo a sha shayi."

Na zauna a ƙasa na yi kuka, daga baya kuma na yi dariya. Shekara goma sha ɗaya mutumin nan yana gayyatar duniya shan shayi, bai taɓa sanin inda sukari yake ba.

Abin da na fi so in gaya miki shi ne na gan ki. Taswirar tana nan a buɗe a kwamfuta, ga ɗan ɗigonki mai hoton mota da lambarki a ƙarƙashi, daga na'urar da ya ɗaura muku a motar asibiti. Yanzu kullum da safe sai in kawo shayina nan, in zauna a kan tabarma in duba inda kika kai. In kun tashi, ɗigon na barin layi a bayansa kamar sawun katantanwa. Jiya na ga kun tsaya awa uku a wani wuri da ko gida ɗaya babu. Taya ce ta fashe, ko kuwa barci kika sa aka tsaya ki yi? Na san halinki.

Ba na taɓa komai, kada ki ji tsoro. Kallo kawai nake yi. Amma tun da na fara, wuni ba ya yi mini tsawo. Shi yana sallama duk rabin awa, ke kina tafiya a kan taswira, ni ina tsakiya ina tsinke ganye. Ya ishe ni.

Na ba Dogo man zafi da safa biyu. Ki sa su, ba ajiya na aiko ba.

Matar yayanki

Ranar Asabar

Matarmu,

Na sami wasiƙarki da kaya, na gode ƙwarai. Lafiyata ƙalau, ƙafa da sauƙi. Na ji daɗi da kika ce kina cin abinci. Ki ci gaba, kada in dawo in tarar da ke kamar tsinke, a ce dangin miji ne suka bar ki da yunwa.

Aiki ya yi mana yawa. Yara ɗari biyu da wani abu muka yi wa allura cikin kwana huɗu, mu uku kacal, ga mata masu ciki a kowane ƙauye. Tsayuwar da kika gani ba barci ba ne, sharri kika yi mini. Taya ce, kuma jak ɗin ya nutse a laka sai da muka nemo duwatsu. Ruwa ya fara sauka sosai a nan. Mako mai zuwa za mu ƙetare kogi zuwa ƙauyukan da ke bayan tsauni kafin ya cika ya hana mu.

Maganar rediyo. Bai kamata tashar ta ci gaba da magana da lambar Yaya ba. Lambar kira mutum ɗaya hukuma ke ba, bayan ya ci jarrabawa, in ya rasu kuma ta faɗi, ba a gadonta. Sallamar nan a daina ta. Kada a ja lokaci. Mai Agogo ya san abin da za a yi.

Dogo yana ta danna mini oda, sai na tsaya nan. Ki gai da maƙwabta.

Auta

Ranar Alhamis

Auta,

Gaisuwa. Ina lafiya, ina fata kina lafiya. Allah ya taimake ku a kan aikin yaran.

Na karanta wasiƙarki sau uku. Ban san doka ba, ke kika sani, ke ya koya wa. Amma da na ɗauka za ki ce, bari mu ƙara jin sa na ɗan lokaci. Layi huɗu kika rubuta a kan abin da na cika takarda da shi. Ba ƙorafi nake yi ba. Wataƙila ma ƙorafin nake yi.

Na yi abin da kika ce. Ban kira Mai Agogo, abokin rediyon yayanki, ba, don ban ga dalilin da zai sa in ɗauko tsoho daga shagonsa ya zo ya danna abin da yatsana zai iya dannawa ba. Jiya da hantsi na jira ya yi sallama, Aku ya maimaita, na amsa masa a raina, sannan na murɗa maɓallin rediyon har ya yi ƙas. Fitilar ta mutu. Na lulluɓe shi da ɗankwalina mai ruwan toka saboda ƙura.

Kwamfutar dai na bar ta a kunne. Ita ba ta yi wa hukuma laifi ba, kuma a nan nake ganinki. Lokacin da na kashe, kun isa bakin kogi. Allah ya ƙetare da ku lafiya.

Ɗakin ya yi shiru. Zan saba.

Matar yayanki

Ranar Asabar, kwana goma da kashe rediyo

Auta, ƙanwata,

Ina gaishe ki, ban kuma san ko gaisuwar za ta same ki ba. Ni jikina lafiya, amma hankalina ba ya kwance. Dogo bai dawo ba, an ce hanya ta lalace. Wannan takardar ma ban san wa zan ba ba, rubutawa nake yi don hannuna ya sami abin yi.

Ɗigonki bai motsa ba. Yana bakin kogi, daidai inda layin hanya ya taɓa shuɗin ruwa. Ranar farko na ce jiran ruwa ya janye kuke yi. Rana ta biyu na ce mota ce ta lalace. Rana ta huɗu na goge gilashin kwamfutar da hannun rigata, wai ko datti ne. Na kashe ta na kunna, kamar yadda na ga yayanki yana yi in ta yi masa gardama. Taswirar ta dawo, ke kuma kina nan inda kike, rabin motar a kan ƙasa, rabi a kan shuɗi.

Na je ofishinku ranar Laraba. Na tarar da wata mata a bayan tebur tana cika takardu, ta ba ni kujera, ta ce su ma a taswirar nan suke ganinku, kuma su ma abin da suke gani ke nan. Ta ce in da wani abu ya faru da labari ya zo da ƙafa, mummunan labari ba ya jiran mota. Ta faɗa ne don ta kwantar mini da hankali. Na yi mata godiya na fito.

Auta, wasiƙar da na aiko miki ta ƙarshe ita ke ci na. In ita ce abin da kika karanta daga gare ni na ƙarshe, ina zan sa kaina? Kin zo gidan nan kina 'yar shekara tara, ni na yi miki kitso ranar da za ki fara sakandare, kina kuka wai na ja miki gashi. Ba ni da kowa da ya san yayanki kamar yadda na san shi sai ke. Ki kashe duk abin da kike so a kashe. Ki ce a sauke eriyar ma daga rufi, ni da kaina zan riƙe tsani. Ki dai motsa.

Ban daina kawo shayina ɗakin ba. Yana hucewa ban sha ba.

Matar yayanki

Ranar Litinin

Auta, 'yar banza mai tsinka wa mutane zuciya,

Gaisuwa da murna. Lafiyata lau, yau har ƙari na yi a abinci. Zan haɗa wannan da ta shekaranjiya in ba Dogo, wanda aka ce ya iso. Ki fara karanta waccan, ki ga irin wautar matar yayanki, sannan ki karanta wannan ki yi dariya.

Jiya da la'asar Mai Agogo ya zo shi da matarsa. Kin san shi, ba ya shiga magana kai tsaye. Ya yi gaisuwa, ya tambayi lafiya, ya tambayi rufi ko yana yoyo, ya yabi bishiyar lemun tsakar gida. Sai da matarsa ta zungure shi ta ce, "Malam, faɗi abin da ya kawo ka, rana na faɗuwa."

Ya murza hularsa ya ce, "Hajiya, ba don in tayar miki da baƙin ciki ba. Na ga tashar ta yi shiru tun kwana goma sha ɗaya. Na ce wa 'yan ƙungiyarmu ta masu rediyo kada wanda ya dame ki, ƙila jin sallamar ke miki nauyi. To amma duk yankin nan ya kurumce."

Na ce ban gane ba. Na ce ni ma ina da tawa damuwar, na kai su ɗakin na nuna masa ɗigonki. Na ce masa kwana goma sha ɗaya ke nan kina cikin ruwa.

Ya sa tabarau ya matso. Ya dubi wasu ƙananan lambobi a gefen ɗigon da ni ban taɓa kula da su ba. Sai ya ce, "Ranar Laraba, ƙarfe goma da minti arba'in. Yaushe kika kashe rediyon?"

Na ce Laraba da hantsi.

Ya cire tabaran ya dube ni, ya dubi ɗankwalin da na lulluɓe rediyon da shi. Wallahi na ga yana cije leɓe don kada ya yi dariya a gidan rasuwa. Matarsa ce ta ce, "Kai dai yi mata bayani, ka bar kallon mutane."

Ga abin da ya ce, in na riƙe daidai. Wai motarku ba da intanet take magana ba, ba kuma daga sama ake hango ku ba kamar yadda na ɗauka. Na'urar tana ƙunshe inda kuke a ɗan ƙaramin saƙo ta jefa ta rediyo. Aku ya ji daga kan dutse ya maimaita da ƙarfi. Rediyon ɗakin nan ya ji Aku, ya miƙa wa kwamfuta, ita kuma ta tura intanet, daga nan kowa ya gani a taswira. Ya ce irin wannan tasha ƙofa suke ce mata, kuma duk kwarin nan ita kaɗai ce. Taswira ba ta nuna inda mutum yake, tana nuna inda aka ji shi na ƙarshe.

Na ce, "Wato ni na jefa ta a kogi?"

Ya ce, "Ke kika toshe kunne, Hajiya. Ita tana ta magana."

Matarsa ta tafa hannu tana salati tana dariya, ni kuma na rasa wanda zan yi tsakanin kuka da kunya, sai na yi duka biyun.

Ya nemi izini ya zauna a kujerar yayanki. Na ce bismilla. Ya cire ɗankwalin ya ninke ya miƙo mini da hannu biyu. Ya goge lambar yayanki daga kwamfuta ya sa tasa, ya ce aro ne, ya kashe sallamar, sannan ya murɗa maɓalli. Muka zauna mu uku muna kallon gilashi. Ya ce in mota na tsaye takan daɗe ba ta aiko ba, in yi haƙuri. Na tashi na ɗora ruwa don kada in tsaya ina ƙirga numfashi. Ina zuba ganyen shayi na ji ƙirrr. Na sheƙo da gudu da cokali a hannu.

Auta, kin yi tsalle. Daga bakin kogi kika dira can bayan tsauni, kusa da wani ɗan murabba'i da ya ce makaranta ce. Ƙarfe biyar da minti shida na jiya. Na sa yatsa a kan ɗigon na ce, "Ja'ira." A gaban baƙi.

Sun sha shayi kafin su tafi. Mai Agogo ya riƙe kofin ya ce shekara goma sha ɗaya yana karanta gayyatar nan, ashe da gaske ne akwai shayin. Na ce akwai, mai gayyatar ne dai bai san hanyar kicin ba.

Yanzu na koma na sake karanta wasiƙarki. Ga shi nan kin rubuta, Mai Agogo ya san abin da za a yi. Idona ya wuce ta kansa saboda zuciyata ta tsaya a layin da ke sama. Ki yafe mini.

Matar yayanki

Ranar Juma'a

Matarmu, Yayata,

Ina gaishe ki da kyau. Lafiyata ƙalau, mun ƙetare kogi tun ranar Larabar nan, ruwa iya gwiwa, ko takalmina bai jiƙe ba don a mota nake. Safar tana ƙafata yanzu haka. Dogo ya kawo wasiƙunki uku a haɗe, har da wadda kika yi fushi a ciki, don ita ma a hanya ta maƙale. Na karanta su a jere a bayan ajin da muka mai da ɗakin allura. Abokiyar aikina ta leƙo ta ga ina kuka, ta sake leƙowa ta ga ina dariya, ta ce ko in auna kaina da ma'aunin zafi.

Ni ce zan nemi gafara. Na san rediyon a kashe yake tun ranar, don na aika ɗan saƙo zuwa gida sau uku ba a amsa ba. Na ce Mai Agogo yana gyara ne. Ko kusa bai zo mini a rai ba cewa ɗigon zai daskare miki a bakin ruwa. Mu da muka saba da abin nan sai mu ɗauka kowa ya san yadda yake tafiya. Shekara goma sha ɗaya kina share ɗakin, na ɗauka kin sani. Ashe ba wanda ya taɓa zaunar da ke ya nuna miki, har shi, har ni. Wannan laifinmu ne.

Maganar doka gaskiya ce, amma ba ita kaɗai ta sa na rubuta haka ba. Rediyon motarmu yana nuna duk abin da Aku ya maimaita. Duk rabin awa sai in ga "Ina gida" da lambar Yaya. Ina riƙe da hannun jariri zan yi masa allura, ko ina cin abinci, sai ƙirrr, Yaya yana gida. Rana ɗaya na manta har na ce a raina, in mun koma zan ba shi labarin jak ɗin da ya nutse. Ke sallamar tana riƙe ki, ni tana kayar da ni. Ban iya rubuta miki haka ba, sai na ɓuya a bayan hukuma.

To ga wata magana, kada ki ce a'a tun ba ki gama karantawa ba. Lambar Mai Agogo aro ce, kuma ba zai yiwu ya riƙa kula da tashar da ba a gidansa take ba har abada. Ni tawa tana kan mota. In ba a sami mai lasisi a gidan ba, dole a kwashe kayan a kai wani wuri, kuma gidanmu ne kaɗai ke kan tudun da ke jin Aku sosai. Jarrabawar matakin farko ba ta da wuya. Ana yin ta bayan wata uku. Littafin yana kan kanta ta biyu, mai koren bango, wanda na yi karatu da shi. Matar da ta iya haddace awon riga goma ba tare da ta rubuta ba, ba ƙa'idar rediyo ce za ta gagare ta ba.

Ki yi tunani. In kin ƙi, ba zan yi fushi ba. Zan dai riƙa tuna miki da cewa kin jefa ni a kogi.

Autarki

Ranar Talata

Auta,

Gaisuwa da fatan kina lafiya. Ni lau, sai ɗan ciwon ido da karatu ya jawo mini, kuma ke ce sanadi. Tabaran yayanki nake sawa, sun yi mini daidai in na ɗaure su da zare ta baya.

Abin da kika rubuta game da sallamar ya zauna mini a rai. Ban taɓa tunanin tana bin ki har can ba. Da na sani da ban bari ta kai wata biyu ba. Mun yi kuka a kan abu ɗaya, kowa ya ba wa ɗan'uwansa baya. Ya wuce.

Littafin na same shi, da rubutunki na yarinta a gefen shafi, har da inda kika zana Mai Agogo da kunnuwan zomo. Ban nuna masa ba tukuna, ina ajiye da shi saboda ranar da za ki yi mini rashin kunya. Yana zuwa Talata da Asabar bayan la'asar, matarsa ta zauna da saƙarta tana yi mana alƙalanci. Dokokin ba su ba ni wuya ba, yawancinsu ladabi ne: ka faɗi ko kai wane ne, kada ka katse mai magana, ka ba mai neman taimako hanya. Na ce masa wannan ai uwata ta koya mini. Lissafin wuta ne ke juya mini kai. Ya ce in ɗauka ruwa ne a cikin tiyo, akwai ƙarfin turi, akwai yawan ruwan, akwai ƙuncin tiyon. Na ce to me ya hana masu littafin su faɗi haka tun farko?

Ranar Asabar na yi kuskure biyar cikin ashirin. Ya ce da haka ma an ci. Ni dai tsoron ɗakin jarrabawa nake ji. Rabona da zama a benci da fensir tun kafin a haife ki. In na faɗi fa? Matar Mai Agogo ta ce shi ma sau biyu ya yi, ya ce ƙarya take yi masa, ta ce to sau uku.

Na ga kun sauko daga tsauni jiya. Yanzu na iya duba lokacin da ke gefen ɗigon kafin in ɗora hannu a ka.

Matar yayanki

Ranar Lahadi

Auta, ƙanwata,

Ina gaishe ki, ina gai da abokan aikinki. Lafiyata lau. Na daɗe ban rubuta ba, da gangan ne, ban so in ba ki rabin labari.

Na ci.

Mu tara ne a ɗakin, ni kaɗai ce mace, ni ce kuma babbarsu. Mai sa ido ya ɗauka rakiya na yi, ya nuna mini benci a waje. Na ce masa, "Ɗana, ba ni takardata." A tambaya ta uku na ga tiyo da ruwa, sai na sami natsuwa. Takardar lasisin ta iso ranar Alhamis. Na karanta lambar kirana a tsaye a bakin ƙofa, na maimaita ta har ta zauna a bakina. Haruffa biyun farko irin na yayanki ne, sauran nawa ne. Na rubuta miki ita a bayan wannan takarda.

Jiya Mai Agogo ya zo karɓar aronsa. Ya tsaya a bayan kujera ya ce shi ba zai taɓa komai ba, mai tasha ce za ta yi. Sai na zauna. Karo na farko ke nan da na zauna a kujerar, Auta. Ta yi mini tsawo, ƙafafuna ba sa taɓa ƙasa, matarsa ta turo mini ɗan akwatin kayan gyara na taka. Na goge lambarsa na sa tawa da yatsa ɗaya, harafi bayan harafi. Na buɗe littafin yayanki, na bar layi ɗaya a ƙarƙashin rubutunsa na ƙarshe, na sa kwanan wata.

Sai ya ce saura sallama, me za a rubuta? Na kwana biyu ina tunanin wannan. Na so in mayar da tasa yadda take, sai na tuna da ke da jariri a hannu. Na so in bar wurin babu komai, sai na ga ai gidan ba kango ba ne, da mutum a ciki. Na rubuta abin da na rubuta. Mai Agogo ya karanta, ya cire tabarau yana goge ido, wai ƙura ce. Ɗakin da na share da safe.

Ban san ko kin riga kin gani ba, don na ga motarku tana bayan tsauni inda Aku ba ya kaiwa sosai. Idan kun hau tudu, ki duba rediyonki. Duk rabin awa zai zo, ƙirrr, da lambar da ba ki saba gani ba. Kada ki firgita, ni ce. Ga abin da zai ce:

"Ina gida. A biyo a sha shayi. Wannan karon mai dafawar ce ke gayyata."

Auta, na ajiye biro na je sauke ruwa, na dawo na tarar da saƙo a gilashi, da lambarki, ƙarfe huɗu da minti goma sha biyu. "Na ji ki, matarmu. Sukari cokali uku." Na amsa miki da yatsana ɗaya, na san ya isa don kwamfuta ta nuna an karɓa, amma bari in sake faɗa a nan tunda takarda ba ta ƙare ba.

Biyu za ki sha. Ke ce ma'aikaciyar lafiya.

Matar yayanki